Harhaɗa manhajar kwamfuta, sa mata hannu da ƙunshe ta ta layin umarni: tambayoyi da amsoshi

Mai rubuta manhaja yakan ɗauka aiki ya ƙare ranar da kod ɗinsa ya tashi ba tare da kuskure ba. Sai ya tura wa wani fayil ɗin, kwamfutar mutumin ta ƙi buɗe shi. Tsakanin kod mai aiki da manhajar da baƙo zai sauke ya saka hankali kwance akwai matakai uku, kuma a kansu ne tambayoyin nan suke.

Me ya sa za a bar maɓallan manhajojin rubuta kod irin su Visual Studio na Microsoft ko Xcode na Apple a koma rubuta umarni a baƙin allo?

Saboda abin da aka danna da hannu ba ya barin sawu. Yau ka zaɓi saitin da ya dace, wata mai zuwa ka manta akwati ɗaya, fitowar ta bambanta, kuma babu inda za ka duba ka gano abin da ya canza. Idan matakan a rubuce suke cikin fayil ɗaya, wanda zai gaje ka a aikin zai karanta su, Git, manhajar adana tarihin kod, zai riƙe tarihin kowane gyara, kuma injin da babu kowa a gabansa, irin na GitHub Actions, hidimar da ke gudanar da umarni ita kaɗai a sabobin GitHub, zai iya gudanar da su.

Su ma maɓallan nan umarni suke kira a ɓoye. Visual Studio na aiki da `msbuild`, Xcode kuma yana da `xcodebuild` da `codesign`. Wanda ya koyi kiran su da kansa ya san abin da ke faruwa da manhajarsa.

Mene ne bambancin matakan uku?

Harhaɗawa ita ce mayar da kod zuwa abin da injin ke iya gudanarwa, misali da `dotnet publish`, `cargo build --release` ko `cmake --build`. A nan ake yanke shawarar irin injin. Tun da Apple ya fito da M1, ƙwaƙwalwar kwamfuta tasa ta kansa, a 2020, kwamfutocin Mac sun kasu gida biyu, masu Intel da masu arm64, shi ya sa ake harhaɗawa sau biyu a haɗe su wuri ɗaya da `lipo`.

Ƙunshewa ita ce tattara wannan fayil da ɗakunan karatun kod (shiryayyen kod da ake aro) da yake dogara da su, da hotunansa, da bayanin inda za a ajiye shi, a mayar da su abu ɗaya: MSI, MSIX ko EXE na sakawa a Windows, DMG ko PKG a Mac, DEB, RPM, AppImage ko Flatpak a Linux.

Sa hannu kuwa sau biyu yake zuwa. Ana sa wa abin da ke ciki hannu kafin a ƙunshe, sannan a sa wa ƙunshin kansa. Mutane da yawa suna sa wa fayil ɗin sakawa hannu kawai, su bar ainihin manhajar da za ta zauna a kwamfutar mutum babu komai a kanta.

Manhajata tana buɗewa lafiya lau a kwamfutata. Me ya sa take kawo gargaɗi a ta wani?

Domin kai ba sauke ta ka yi ba. Duk fayil ɗin da burauza ta sauko da shi daga intanet, ana liƙa masa alama. A Windows wani ɓoyayyen bayani ne mai suna `Zone.Identifier`, a Mac kuma `com.apple.quarantine`. Ganin wannan alama ne ke sa SmartScreen na Microsoft ko Gatekeeper na Apple su tsayar da fayil su tambayi wanda ya yi shi. Wanda ka harhaɗa a injinka ba shi da alamar, don haka ba a tambaye shi komai ba.

Filashi ma yakan ruɗi mutum. Idan an tsara shi da FAT32 ko exFAT, ba ya iya ɗaukar alamar Windows ɗin, sai ta faɗi a hanya. Ka kai wa abokinka manhaja a filashi ta buɗe sumul, ka ɗauka komai ya yi daidai. Gwaji na gaskiya shi ne ka ɗora fayil ɗin a intanet, ka sauke shi da burauza a kwamfutar da ba ta taɓa ganinsa ba.

To shi sa hannun me yake tabbatarwa?

Abu biyu: wanda ya fitar da fayil ɗin, da cewa ba a taɓa shi ba tun bayan fitowarsa. Ana lissafa wata doguwar lamba daga dukkan abin da ke cikin fayil, galibi da SHA-256, a kulle ta da mabuɗin sirri na mai manhajar, a haɗa da takardar shaidar da wata hukuma amintacciya ta ba shi. Kwamfutar mai karɓa ta sake lissafin. Ko harafi ɗaya aka canza, lambobin ba za su zo ɗaya ba.

Kamar hatimin murfin kwalbar magani ne: yana nuna ba a buɗe ta a hanya ba, amma ba ya cewa komai game da abin da aka zuba a masana'anta. A 2017 an fitar da CCleaner, manhajar share tarkacen kwamfuta, ɗauke da mugun kod, da sa hannun kamfanin na gaske a kai, kuma mutane sama da miliyan 2 suka saka shi. A 2020 aka gano cewa mahara sun shiga wurin harhaɗa manhajar Orion ta kamfanin SolarWinds, kamfanin da kansa ya sa wa gurɓataccen sabuntawar hannu, ya kai ga abokan ciniki kusan 18,000. A Maris ɗin 2023 irin haka ta sami manhajar kamfanin 3CX. A duka ukun sa hannun ingantacce ne. Wannan ne ya sa nake ganin tsaron injin da ake harhaɗawa a kansa daidai yake da tsaron mabuɗin.

Yaya ake yi a Windows?

Tsarin ana kiransa Authenticode, kayan aikin kuma `signtool`, wanda ke zuwa cikin Windows SDK. Umarnin da aka fi gani shi ne:

`signtool sign /fd SHA256 /tr http://timestamp.digicert.com /td SHA256 /a manhaja.exe`

Sannan a duba da `signtool verify /pa /v manhaja.exe`.

Takardar shaida ana sayenta daga kamfanoni irin su DigiCert, Sectigo da GlobalSign, bayan sun binciki ko kai wane ne. Da can sukan bari ka riƙe mabuɗin a fayil ɗin PFX, ka kwafe shi duk inda ka ga dama. Daga 1 ga Yuni 2023 dokar CA/Browser Forum, ƙungiyar da ke tsara ƙa'idojin takardun shaida, ta hana haka: dole mabuɗin ya zauna cikin na'ura ta musamman, ko ƙaramin token na USB ko ma'ajiyar mabuɗai ta sabar da aka tantance. Duk tsohon bayanin da ya ce ka ɗora PFX a GitHub kafin wannan rana aka rubuta shi. Yau ga aikin da ke gudana shi kaɗai, hanya mafi sauƙi ita ce hidimar sa hannu ta intanet, inda mabuɗin ba ya fita ko'ina, lambar fayil ɗinka kawai ake turawa.

Kada a sa rai cewa gargaɗin SmartScreen zai ɓace ranar farko. Yana kallon tarihin mai sa hannun da yawan waɗanda suka sauke fayil ɗin lafiya. Amfanin sa hannu shi ne tarihin yana taruwa a kan sunanka, ba ya komawa sifili da kowace sabuwar fitowa.

Ga masu MSIX, wanda Microsoft ya fito da shi a 2018, akwai tarko guda. Ana ƙunshewa da `makeappx pack`, kuma a al'ada Windows ba ya saka shi idan babu sa hannu. Sunan da ke layin `Publisher` cikin `AppxManifest.xml` dole ya zo daidai da sunan da ke kan takardar shaida, harafi da harafi, har da waƙafi. Idan suka saɓa, `signtool` zai jefo maka `0x8007000B` ba tare da ya faɗi dalili ba. Wanda ya ga wannan lamba ya fara duba layin nan kafin komai.

Mac fa? An ce shi ya fi wahala.

Ya fi yawan matakai, amma a fili suke. Da farko sai ka shiga shirin masu manhaja na Apple, dala 99 a shekara, ka karɓi takardar Developer ID Application. Sannan:

`codesign --sign "Developer ID Application: Sunanka" --options runtime --timestamp Manhaja.app`

Manhajar Mac folda ce mai ɗauke da wasu ƙananan shirye-shirye a cikinta, kuma daga ciki ake fara sa hannu a fito waje: ɗakunan karatun kod, mataimakan shirye-shirye, sai babbar foldar a ƙarshe. Akwai `--deep` da ke yin duka lokaci ɗaya, amma Apple da kansa ba ya ba da shawarar amfani da shi wajen sa hannu, domin yana ba kowane ɓangare izini iri ɗaya alhali bukatunsu sun bambanta. Shi kuma `--options runtime` yana ƙara tsaurara tsaro, har yakan hana manhajar da aka gina da Electron (tsarin gina manhajar kwamfuta da fasahar shafukan intanet) tashi sai an ba ta izinin `com.apple.security.cs.allow-jit`. Idan manhaja tana aiki kafin sa hannu, ta mutu bayansa, galibi nan ne matsalar.

Tun macOS Catalina a 2019, sa hannu kaɗai bai isa ba. Sai an tura wa Apple fayil ɗin injinansa sun bincika sun amince:

`xcrun notarytool submit Manhaja.dmg --keychain-profile "fitarwa" --wait`

Galibi 'yan mintuna ne. Idan aka ƙi, `notarytool log` zai nuna fayil ɗin da ya jawo. Tsohon kayan aikin, `altool`, Apple ya daina karɓar wannan aiki ta hanyarsa daga 1 ga Nuwamba 2023.

Mataki na ƙarshe shi ake yawan tsallakewa: `xcrun stapler staple Manhaja.dmg`. Yana liƙa shaidar amincewar a jikin fayil ɗin. In babu shi, sai Mac ɗin mai amfani ya tambayi sabar Apple a buɗewar farko, wanda kuma intanet ɗinsa ya yanke a lokacin zai iya cin karo da ƙi. Duk mai yi wa jama'ar da sabis ke musu wasa manhaja, kada ya bar wannan layi. A lura kuma ba a liƙa shaidar a jikin ZIP. A kan manhajar ake liƙawa, sannan a sake matse ta.

Da can mai amfani yakan iya tsallake Gatekeeper da danna Control ya zaɓi buɗewa. Daga macOS Sequoia na 2024 an rufe wannan hanya, sai mutum ya shiga saitin tsaro da kansa. Mutane kaɗan ne za su yi wa manhajar da ba su sani ba wannan wahala.

Mene ne amfanin hatimin lokaci da ke cikin umarnin nan biyu, wato `/tr` a Windows da `--timestamp` a Mac?

Takardar shaida tana da wa'adi. Hatimin lokaci shaida ce daga wata sabar daban cewa an sa hannun a rana kaza, lokacin da takardar ke da rai. Da shi, manhajar da ka fitar bana za ta ci gaba da karɓuwa bayan takardar ta ƙare. Ba tare da shi ba, a Windows sa hannun yana mutuwa tare da takardar. Kyauta ne, kalma biyu ce a layin umarni.

A Linux ma haka abin yake?

A'a. Babu kamfani ɗaya da ke tsaye a ƙofa. Ana ƙunshewa da `dpkg-deb --build`, `rpmbuild`, `appimagetool` ko `flatpak-builder`, a sa hannu da mabuɗin da kai ka ƙirƙira da manhajar GPG. A Debian da Ubuntu, `apt`, mai saka manhajoji, ma'ajiyar da ake sauke su daga ita yake tantancewa ta fayil ɗin `InRelease`, ba kowane DEB ɗaya-ɗaya ba. A Fedora kuwa ana sa wa kowane RPM hannu da `rpmsign`.

Zan iya fitar da na duka ukun daga kwamfuta ɗaya?

Rabi da rabi. Daga Linux ana iya sa wa fayil ɗin Windows hannu da `osslsigncode` ko Jsign, akwai kuma `rcodesign` mai yin aikin Apple ba tare da Mac ba. Amma harhaɗawa da gwaji sun fi aminci a kan ainihin tsarin. Abin da ƙananan ƙungiyoyi suka fi yi shi ne su bar GitHub Actions ya tayar da injina uku, kowanne ya yi nasa. Masu Electron suna da electron-builder da Electron Forge, masu Tauri, wani tsari makamancin Electron, suna da `tauri build`, kuma dukkansu waɗannan umarnin da muka ambata suke kira a ƙarƙashi. Ranar da suka gaza, saƙon `codesign` ko `signtool` za ka gani.

Zaɓin yana shafar mai saukewa. Electron yana ɗauke da cikakkiyar burauza, Chromium, da Node.js mai gudanar da kod ɗin JavaScript a cikin kowace manhaja, shi ya sa ko ƙarama ce takan ci megabayit masu yawa. Tauri yana aron burauzar da ke cikin tsarin, WebView2 a Windows, WKWebView a Mac, sai fayil ɗinsa ya fito ƙarami ƙwarai. Ga mai sayen data da kuɗin aljihunsa, wannan bambanci ba ƙarami ba ne.

A ina ya kamata mabuɗin ya zauna, kuma wa zai taɓa shi?

Kada ya shiga Git, ko da ma'ajiyar ta sirri ce, domin abin da ya shiga tarihin Git yana nan ko an goge shi. Kada kalmar sirrinsa ta bayyana a fayil ɗin umarni; a saka ta a ma'ajiyar sirri ta injin harhaɗawa. A Mac, `notarytool store-credentials` yana ajiye bayanan shiga cikin Keychain, ma'ajiyar kalmomin sirri ta Mac, shi ne sunan "fitarwa" da ke cikin umarnin can sama.

Satar mabuɗi ta daɗe. Stuxnet, mugun kod da aka gano a 2010, ya shiga kwamfutoci da sa hannun kamfanonin Taiwan biyu, Realtek da JMicron, waɗanda aka sace musu mabuɗai. A 2022 takardun Nvidia sun fita bayan kutsen ƙungiyar Lapsus$, kuma ba a daɗe ba aka fara ganin mugayen manhajoji ɗauke da sunan kamfanin.

Saboda haka a raba aikin gida biyu. Gwajin yau da kullum, da kod ɗin da baƙi ke turowa don a duba, su gudana a inda babu mabuɗi ko kaɗan. Matakin sa hannu ya tashi ne kawai idan an yi wa fitowa lamba a babban reshen kod a Git, kuma bayan wani mutum na biyu ya amince. Idan aka yi zargin mabuɗin ya fita, a sanar da hukumar da ta ba da takardar a ranar, ta soke ta, a karɓi sabuwa, a sake sa wa fitowar da ke hannun jama'a hannu.