Ma'anar Fim Ba a Fuskar Jarumi Kaɗai Take Ba

Da yawa sun ɗauka jimamin da ake gani a fim daga fuskar jarumi kaɗai yake fitowa. Ba haka ba ne. Wajajen 1920, wani mai shirya fim a Rasha, Lev Kuleshov, ya haɗa hoton fuska guda, ba fara'a ba ɓacin rai, da kwanon miya, sannan da gawa a akwati, sannan da mace kishingiɗe. Masu kallo suka ga yunwa, jimami da sha'awa, alhali fuskar ba ta canza ba.

Hoto a fim daga maƙwabcinsa yake samun ma'ana. Idan mai tace fim, wato mai yanka hotuna da jera su, ya sa hoton da bai dace ba bayan kallon jarumi, ko ya yanke kafin ido ya gane abin da ake kallo, saƙon ya juye, komai ƙwarewar ɗan wasan.