Mece ce BDNF ɗin da ake ta tallatawa?

Kwanan nan duk mai tallar maganin ƙarin basira a TikTok sai ya cusa haruffan nan huɗu, BDNF, ya ce "sinadarin girman ƙwaƙwalwa" ne. Wai idan tsoho ya sha, gigin tsufa zai sake shi. Kalmar "girma" ɗin nan ce ke ba ni haushi, domin da ita ake yi wa mutane rufa-ido.

BDNF furotin ne da ƙwaƙwalwa ke haɗawa da kanta, kuma yana da ɗan'uwa da ya girme shi, NGF, furotin da ke sa jijiyoyi su tsiro su rayu. Wata Ba'italiya, Rita Levi-Montalcini, ce ta gano NGF. Dokokin Mussolini, shugaban Italiya na lokacin, na 1938 sun kore ta daga jami'a saboda Bayahudiya ce, sai ta mayar da ɗakin kwananta a Turin wurin bincike, tana fasa ƙwan kaza tana duba jijiyoyin ɗan tsakon da bai ƙyanƙyashe ba. Daga baya a Amurka ta haɗu da Stanley Cohen. Shi kuwa ya ɗauko dafin maciji don ya tace samfurinsu na NGF, sai ya tarar dafin ma ya fi samfurin yawan sinadarin. Suka raba kyautar Nobel a 1986.

Abin da binciken ya nuna shi ne jiki kan fitar da ƙwayoyin jijiya fiye da bukata tun ana ciki, su yi ta rige-rigen samun ɗan sinadarin da ke akwai. Wadda ta samu ta rayu, wadda ta rasa ta mutu, a wasu sassan kusan rabi ke tafiya. Kamar manomi ne da ya zuba iri da yawa a rami, ya dawo ya rage. To ina maganar kumbura ƙwaƙwalwa a nan? A wurin babba, aikin BDNF shi ne raya ƙwayoyin da ke nan da ƙarfafa mahaɗar da ke tsakaninsu, musamman a sashen da ke ajiye sabon abin da aka koya. An fara tace shi ne a Jamus a 1982, daga ƙwaƙwalwar alade, abin da ban taɓa jin mai talla ya ambata ba.

Gaskiya ne BDNF yana raguwa a ƙwaƙwalwar masu cutar Alzheimer, mai kawo gigin tsufa. Amma furotin ne: ka haɗiye shi, ciki ya narkar da shi kamar tsokar nama. Ko ta jini aka ɗura shi, da ƙyar yake keta shingen da ke tsare ƙwaƙwalwa. An taɓa zuba wa 'yan marasa lafiya NGF kai tsaye cikin kai a Suwidin, suka samu ciwon baya da rama. Wani gwajin da aka yi a Amurka, na dasa ƙwayar halittar da ke samar da NGF, sakamakonsa na 2018 bai nuna mantuwar ta ragu ba.

Abin da aka fi samun hujja a kansa wajen ɗaga BDNF shi ne motsa jiki, tafiyar da za ta sa ka haki. Ita kuwa ba a ɗura ta a kwalba, shi ya sa ba ta da mai talla.