Waiwaye: Yadda NEPU ta yi ta shan kaye ba ta mutu ba

Duk lokacin da aka gama zaɓe a ƙasar nan, kafin a kwashe fastoci daga bango sai ka ji 'yan ƙananan jam'iyyu sun fara sauya sheƙa. Shi ya sa yake da kyau a tuna da jam'iyyar da ta shafe shekara 16 tana faɗuwa zaɓe, ba ta taɓa kafa gwamnati ba, amma har yau in dattijo ya ga yaro mai taurin kai a kan gaskiya sai ya ce "wannan ɗan Nefu ne."

An kafa NEPU, Jam'iyyar Neman Sawaba, a Kano ranar 8 ga Agusta 1950. Samari takwas ne suka fara ta, cikinsu har da Maitama Sule da Magaji Dambatta da Mudi Sipikin da Bello Ijumu. Malam Aminu Kano yana koyarwa a Maru lokacin. Sai da ya ajiye aiki ya dawo gida, a 1953 ya zama shugabanta.

Kayen farko ya zo mata a 1951, kuma mai ciwo ne. Zaɓen hawa-hawa ake yi a lokacin, daga unguwa zuwa gunduma zuwa lardi. NEPU ta taka rawar gani a matakin farko a birnin Kano, amma a mataki na ƙarshe doka ta ba En'e, wato hukumar mulkin gargajiya ta sarki, damar cusa nata mutanen cikin masu zaɓen. Ko mutum ɗaya ba ta kai majalisar dokokin Arewa da ke Kaduna ba.

Abin da ya biyo baya shi ne ainihin labarin. Ba ta da sarki, ba ta da hakimi, ba ta da kwangila, sai ta koma wurin teloli da mahauta da 'yan koli da malaman zaure. Ɗan koli yana yawon cin kasuwannin ƙauye, kaya a ka, zancen Sawaba a baki, kuma babu ɗan dokan da zai iya tsare kowace rumfa. Maganar da suke kai wa manomi ba ta da wuyar ganewa: in ka biya haraji ka karɓi rasit, kuma noman gonar hakimi ba dolenka ba ne. 'Yan Nefu sun biya kuɗin wannan magana da jikinsu. Izinin lacca a hannun En'e yake, kotun alkali ma tata ce, ga 'Yan Mahaukata, 'yan daban da ke goyon bayan sarauta, da sanduna. Ɗauri da bulala suka zama ruwan dare. Hajiya Gambo Sawaba ta sha shiga kurkuku saboda jam'iyyar da ita kanta ba ta da ikon jefa wa ƙuri'a, don matan Arewa ba su fara zaɓe ba sai a shekarun 1970.

A akwati kuwa, riba kaɗan ce. A zaɓen tarayya na 1959, tana ƙawance da NCNC, jam'iyyar Nnamdi Azikiwe, kujera 8 ta samu, ɗaya ta Malam Aminu ce daga Kano ta Gabas. A 1964 shi ma ya rasa tasa. Sai soja suka zo a 1966 suka rushe jam'iyyu baki ɗaya.

Amma rushe suna aka yi, mutanen suna nan a shagunansu. Da aka buga gangar siyasa a 1978, Malam ya kafa PRP mai alamar mabuɗi, tsofaffin 'yan Nefu da 'ya'yansu suka zama rassanta tun kafin a kama ofis. A 1979 ta ci gwamnan Kano da Abubakar Rimi, ta ci na Kaduna da Balarabe Musa, gwamnonin biyu kuma suka soke haraji da jangali, abin da NEPU ta yi shekaru tana kuka a kai.

A ganina, abin mamakin shi ne mulki ya yi mata abin da kurkuku ya kasa. Cikin shekara biyu PRP ta rabe gida biyu, 'yan santsi na su Rimi da 'yan taɓo na Malam. Majalisar Kaduna, wadda NPN mai mulkin tarayya ke da rinjaye a ciki, ta tsige Balarabe Musa a Yunin 1981. Rimi ya koma jam'iyyar NPP. Malam Aminu ya rasu ranar 17 ga Afrilu 1983, watanni kaɗan kafin zaɓe, kuma duk da haka Kanawa suka sake dangwala wa mabuɗi, Sabo Bakin Zuwo ya kayar da Rimi. Wata uku ya yi a gidan gwamnati soja suka dawo.