Inshorar Lafiya ta Mutum Ɗaya da ta Iyali a Najeriya: Yadda Ake Zaɓar Mai Sauƙin Kuɗi

Inshorar lafiya yarjejeniya ce da mutum yake biyan ƙayyadadden kuɗi tun yana garau, wata-wata ko shekara-shekara, domin idan ciwo ya zo asusun da aka tara ya ɗauki nauyin jinyarsa, duka ko wani sashe. A jihohin Arewa da dama an fi kiranta taimakekeniyar lafiya. Ta yi kama da adashe ta wajen zubi, sai dai babu kwasa bi da bi: wanda ya kwanta ciwo shi ake kashe wa, wanda shekara ta zagayo masa lafiya kuma ba a mayar masa da zubinsa. Fiye da kashi 70 cikin ɗari na kuɗin da ake kashewa kan lafiya a Najeriya daga aljihun marasa lafiya da danginsu yake fitowa kai tsaye, abin da kan sa tiyata guda ta cinye jarin magidanci ko ta raba shi da gona.

Tushen doka

An kafa shirin inshorar lafiya na ƙasa, NHIS, da doka a 1999, ya fara aiki a 2005, kuma ma'aikatan gwamnatin tarayya ne suka fi cin moriyarsa tsawon shekaru. A watan Mayun 2022 Shugaba Muhammadu Buhari ya sa hannu kan sabuwar doka da ta mayar da shirin Hukumar Inshorar Lafiya ta Ƙasa, NHIA, ta kuma wajabta inshorar a kan kowane ɗan ƙasa da mazauninta. Kafin nan dokar lafiya ta 2014 ta samar da asusun tallafa wa kiwon lafiya a matakin farko, BHCPF, wanda ake ware masa aƙalla kashi ɗaya cikin ɗari na dunƙulallen kuɗin shigar gwamnatin tarayya. Wani ɓangarensa na biya wa masu ƙaramin ƙarfi kuɗin rajista ta hannun hukumomin jihohi.

Ƙofofin da mutum zai iya shiga

Wanda ba ma'aikacin gwamnati ba ne, ko ba ya aiki a kamfanin da ke yi wa ma'aikata inshora, ƙofa uku yake da su. Ta farko hukumar jiharsa, kamar KSCHMA a Kano, KADCHMA a Kaduna, JICHMA a Jigawa. Yawanci ita ce mafi araha, amma katinta ya fi aiki a cikin jihar, kuma akasarin asibitocinta na gwamnati ne. Ta biyu shirin GIFSHIP na NHIA, wanda aka ƙaddamar a 2020 domin ɗaiɗaikun mutane, iyalai da ƙungiyoyi. Ta uku kamfanonin inshorar lafiya masu zaman kansu, waɗanda ake kira HMO, irin su Hygeia, Avon, Reliance da AXA Mansard, masu sayar da tsare-tsare hawa-hawa, daga na asibitocin unguwa har zuwa na manyan asibitocin kuɗi.

Kafin a biya ko sisi, ya kamata a fara tambaya a asibitin sha-ka-tafi na mazaɓa ko ana rajistar kyauta ta BHCPF. Mata masu juna biyu, yara 'yan ƙasa da shekara biyar, tsofaffi, masu buƙata ta musamman da marasa galihu su ne aka fi sa wa gaba, kodayake gurbin yana da iyaka a kowace jiha.

Yadda kuɗin ke isa asibiti

Rabin rigimar da ake yi a teburin inshora na asibiti daga rashin sanin wannan take tasowa. A tsarin NHIA da na jihohi, mai rajista yana zaɓar asibiti ɗaya a matsayin na farko. Ana biyan asibitin nan kuɗin kai, wato ƙayyadadden adadi a kan kowane mai rajista duk wata, ya zo ko bai zo ba. Daga cikin wannan kuɗi ake ganin likita, a yi gwajin zazzaɓin cizon sauro, awon ciki, haihuwa ta ƙalau da ƙananan ɗinki. Kuɗin kan ya tsaya a naira 750 fiye da shekara goma yayin da farashin magani ke ta hawa, kafin a ƙara shi a 2024 da 2025. Wannan na cikin dalilan da suka sa ɗakin magani kan ce wa mai kati "babu", ya fita ya saya a kyamis.

Abin da ya fi ƙarfin matakin farko, kamar tiyatar ciro jariri, tiyatar gwaiwa ko ganin ƙwararren likitan zuciya, ana biyansa ne aiki-aiki. Asibitin farko zai rubuta takardar turawa, HMO ko hukumar jiha ta bayar da lambar izini, sannan a yi aikin. Wanda ya tsallake asibitinsa ya tafi asibitin koyarwa kai tsaye, in ba gaggawa ba ce, da aljihunsa zai biya.

A fara da asibiti, kafin farashi

Kuskuren da aka fi yi shi ne a zaɓi tsari saboda araharsa, daga baya a gano asibitocin da ke cikin jerinsa suna wancan gefen gari. Hanyar da ta fi dacewa ita ce magidanci ya fara tsayar da asibiti biyu ko uku da zai iya kai yaro cikin dare ba tare da wahala ba, ya je teburin inshorarsu da ƙafarsa ya tambayi katin da suke karɓa a yanzu. Jerin da ke shafin intanet na kamfani kan tsufa. Asibiti na iya daina karɓar wani kati saboda bashin da yake bin kamfanin, sunansa kuma yana nan a jeri. A duba ko akwai likita da daddare, ɗakin gwaji, ɗakin haihuwa da wurin ƙarin jini. Ƙa'idar NHIS ta ba da damar sauya asibiti bayan wata shida, don haka mummunan zaɓi kan ɗauki rabin shekara kafin a gyara.

Waye "iyali" a takarda

A nan ne gidajen Hausawa suka fi cin karo. A tsarin ma'aikata, iyali na nufin mai rajista, matar aure ɗaya ko miji, da 'ya'yan cikinsa huɗu 'yan ƙasa da shekara 18. Mata ta biyu zuwa ta huɗu, ɗa na biyar, ɗan riƙo, agola da iyaye tsofaffi duk sai an yi musu rajista a matsayin ƙari, kowa da kuɗinsa. Kamfanoni masu zaman kansu ma kusan haka suke lissafi, kuma da yawansu ba sa karɓar wanda ya haura shekara 60 ko 65 a tsarin yau da kullum, sai a wani tsari na tsofaffi mai tsada.

Lokacin da aka ƙaddamar da GIFSHIP, mutum ɗaya na biyan naira 45,000 a shekara tare da damar ƙara mutum biyu, iyali mai mutum huɗu naira 60,000, kowane ƙari naira 15,000, ƙungiya mai aƙalla mutum goma kuma naira 15,000 kowane kai. An sauya farashin tun daga lokacin, sai a tambayi na yanzu a ofishin NHIA na jiha, amma fasalin lissafin yana da amfani. A wancan farashi gida mai mutum shida zai biya 90,000 a shekara, wato 7,500 a wata. Gida mai mutum goma sha biyu, 180,000. Gwauro kuwa da zai biya 45,000 shi kaɗai, idan ya shiga ta ƙungiyar 'yan kasuwarsu ko ta direbobin adaidaita sahu, sulusin haka zai biya. A wancan lissafi, shiga ta ƙungiya ita ce hanya mafi sauƙi ta rage kuɗi ba tare da rage kulawa ba.

Idan kuɗin ba zai isa kowa ba, a fifita matar da ke shekarun haihuwa, ƙananan yara, da mai ciwon da ba ya rabuwa da magani. Amfani da katin wani ɗa a kai ɗan'uwansa, wanda wasu ke ɗauka dabara, yana gauraya tarihin jinyar yara biyu a fayil ɗaya, rukunin jini da nau'in jini ciki har da sikila, kuma yana iya jawo soke rajista.

Abin da za a karanta a takardar tsari

Tsare-tsaren kamfanoni suna da rufi biyu: jimillar abin da za a kashe wa mutum a shekara, da ƙananan iyakoki a kan tiyata, haihuwa, haƙori da tabarau. Ƙananan su ne ke cizo. Tsari na iya cewa yana ɗaukar har miliyan ɗaya a shekara alhali iyakar tiyata a cikinsa ba ta kai kuɗin ciro jariri a asibitin da aka zaɓa ba. Maganin wannan shi ne a tambayi asibitin farashin tiyatar da na kwanciyar kwana biyar, a gwada da iyakar da ke takarda.

Sai lokacin jira. A tsarin gwamnati kati kan fara aiki bayan wata biyu zuwa uku da rajista. A kamfanoni, haihuwa da tiyatar da ba ta gaggawa ba sukan jira wata tara zuwa shekara guda ga mai sayen tsarin ƙashin kansa, don haka matar da aka yi wa rajista da ciki wata biyar ba lallai a biya haihuwarta ba. Hawan jini, ciwon suga, asma da sikila sai an tambaya da suna: ana ba da maganinsu na wata-wata, kuma daga yaushe? A nan tsarin gwamnati ya fi sassauci. Ɓoye ciwo a fom ba ya amfanar kowa, domin ranar da aka gano kamfani na da hujjar ƙin biya.

A tsarin NHIA mai rajista yana biyan kashi goma cikin ɗari na kuɗin magani: maganin naira 8,000 zai biya 800. Jerin magungunan da sunan asalin sinadari yake, don haka wanda ya nace sai na wani kamfani zai cika kuɗi. Gadon da ake biya na babban ɗaki ne, ba aminiti ba. Ƙa'idojin NHIS na 2012 sun ƙayyade kwanciya zuwa kwana 21 a shekara, sun ce rabin kuɗin hoton CT da MRI ake biya, wankin ƙoda kuma sau shida ga wanda ƙodarsa ta tsaya farat ɗaya. Dashen ƙwan haihuwa, tiyatar kwalliya da jinya a ƙasar waje ba sa ciki.

Batun addini

Wasu kan yi ɗari-ɗari saboda maganar garari, wato rashin tabbas a ciniki, da riba a inshorar kasuwanci. Malamai da yawa sun bambanta ta da tsarin da aka gina kan ba da gudummawa don taimakon juna, kuma wannan na cikin abin da ya sa jihohin Arewa suka zaɓi sunan taimakekeniya. Hukumar kula da harkar inshora ta ƙasa, NAICOM, ta fitar da ƙa'idojin takaful, wato inshorar da ta dace da shari'ar Musulunci, a 2013.

Rajista, sabuntawa da koke

Ana neman lambar NIN, hoto, da takardar haihuwa ga yara. Suna da ranar haihuwa su zo daidai da na NIN, domin bambancin Muhammad da Mohammed kaɗai kan tsayar da mutum a tebur. A biya ta banki ko hanyar da hukuma ta bayyana, a riƙe rasit. A kuma tabbatar kamfanin yana cikin waɗanda NHIA ta amince da su. Ƙa'idar NHIS ta 2012 ta bai wa jariri damar cin inshorar mahaifiyarsa na makonni goma sha biyu, sai a yi masa tasa kafin wa'adin ya cika. Barin kati ya mutu kan mayar da mutum sabon shiga, lokacin jira ya dawo daga farko.

Idan aka ƙi duba mai kati, ko aka nemi ya biya abin da ke cikin tsarinsa, ya fara da jami'in teburin inshora na asibitin, sannan ya kira lambar HMO da ke bayan kati. Tun Afrilun 2025 NHIA ta umarci kamfanonin su bayar da lambar izini cikin awa ɗaya. In abin ya faskara, a kai koke a rubuce ofishin NHIA ko hukumar jiha, haɗe da rasit, kwanan wata da takardar da likita ya rubuta.