Kwashe bayanai daga imel zuwa jadawali ba tare da bugawa da hannu ba: amsoshin tambayoyinku

Aikina shi ne daidaita wa makarantu masu zaman kansu da 'yan kasuwa lissafinsu a kwamfuta a nan Gombe. Tambayoyin da ke ƙasa su ne ake ta maimaita mini a waya, wasu ma da tsakar dare. Ga amsoshinsu wuri ɗaya. Don Allah a karanta kafin a kira.

Da gaske kwamfuta za ta karanta imel ta zuba abin da ke ciki a jadawali da kanta?

Da gaske ne. An daɗe ana yi.

Sai na biya kuɗi?

Ba lallai ba. Duk mai Gmail yana da Google Sheets (jadawalin lissafi na Google) da Apps Script (inda ake rubuta wa kwamfuta gajeren shirin umarni) kyauta, kuma sun ishi makaranta ko shago. Ofishin da ke kan Outlook ya duba Power Automate. Akwai Zapier da Make ga wanda ba ya son rubuta komai, sai dai kyautarsu tana da iyaka, in an wuce ta kuma da dala ake biya.

To yaya abin yake tafiya?

Da farko za ka sa Gmail ya riƙa tace saƙonni, duk wanda ya fito daga adireshin bankinka, wato alat ɗin shiga ko fitar kuɗi, ya manna masa lakabi. Sannan a rubuta ɗan gajeren shiri a Apps Script wanda zai buɗe saƙonni masu wannan lakabin, ya nemo adadin kuɗi da kwanan wata da sunan mai turawa da bayanin da ya rubuta, ya jera su layi ɗaya a jadawali. Daga nan a ɗaura masa agogo ya riƙa tashi duk minti 10 ko 15. Shi ke nan.

In an ɗauke wuta ko data ta ƙare fa?

Kwantar da hankalinka, Malam. Shirin a kwamfutocin Google yake gudana, ba a taka ba. Ko wayarka a kashe take yana aikinsa. Iyakar da Google ya sa ita ce kada tashi ɗaya ya wuce minti 6, kuma a asusun kyauta jimillar abin da agogo ya tayar kada ya wuce minti 90 a rana. Alat ɗin makaranta guda ba zai kai ka can ba.

Wani yaro ya ce in ba shi kalmar sirrin imel ɗina ya haɗa mini. In ba shi?

Kada ka ba shi. Ban san sau nawa zan faɗi wannan ba. Imel ɗin da alat ɗinka ke shiga, sau da yawa shi ne ake turo wa saƙon canja kalmar sirri ta sauran asusunka. Wanda ya riƙe shi ya riƙe ka. Kuma aikin bai buƙaci haka ba: Apps Script izini yake nema a gabanka, kai za ka danna amincewa da hannunka. Tun watan Mayun 2022 Google ya hana manhajojin waje shiga asusun Gmail na gama-gari da suna da kalmar sirri kawai. Abin da ya fi, buɗe sabon Gmail na lissafi zalla, ka sa alat kaɗai su riƙa wucewa can, yaron ya yi aikinsa kana zaune kusa da shi.

Sifilin farkon lambar waya ya ɓace, kwanan wata kuma ya juye. Shirin ne ya lalace?

Lafiyarsa ƙalau. Jadawali ya ɗauki lambar a matsayin abin lissafi ne, shi ya sa ya yar da sifilin. Mayar da ginshiƙin lambar waya da na lambar asusu mai lamba 10 zuwa rubutu zalla tun kafin a fara zubawa. Kwanan wata kuwa, mu rana muke fara rubutawa, Amurka wata take farawa da shi, don haka 03/04 da kake nufin 3 ga Afrilu sai ya zama 4 ga Maris. Shiga saitin jadawalin ka canja ƙasa zuwa Birtaniya.

Hajiya mai makaranta ta tambaya: alat ya shiga jadawali, amma yaya kwamfuta za ta san kuɗin wane ɗalibi ne?

Hajiya, wannan ita ce tambayar gaske, kuma amsarta ba ɗaya ba ce. Ya danganta da yadda iyayen ɗalibanki suke biya.

Kwamfuta abin da ke cikin alat kawai take gani. In uba ya turo daga asusunsa ya rubuta lambar ɗalibi a wurin bayani, an gama, shirin zai haɗa kuɗin da sunan yaro ba tare da kowa ya taɓa ba. Amma kin fi ni sanin yadda ake biya a garin nan. Uba zai je wurin mai POS a Pantami ko Jekadafari ya miƙa tsabar kuɗi, alat ya zo da sunan mai POS ɗin. Kawu zai turo daga Kano ya rubuta "kuɗin makaranta" kawai. Wani yana da 'ya'ya uku a wurinki, ya turo dunƙule ɗaya. Wani ya biya rabi yau, ciko sai ya sayar da wake bayan kaka. Ga kuma sunaye: a aji ɗaya za ki iya samun Muhammad Abubakar fiye da ɗaya, wani ya rubuta Muhammadu, wani Mohd.

Ana iya koya wa shirin ya yi hasashe ta kamannin suna da adadin kuɗi, kuma sau da yawa zai dace. Amma ni ba na yarda hasashe ya rubuta "ya biya" a gaban sunan yaro. Ran da ya kuskure, yaron da ubansa ya biya za a tsayar a bakin ƙofa, kuma wannan abin kunya ne da ba ya goguwa da wuri.

Abin da nake ba da shawara shi ne a raba jadawalin gida biyu. Alat ɗin da ya zo da cikakkiyar lambar ɗalibi, kuɗin kuma ya yi daidai da abin da ake binsa, ya wuce kai tsaye. Duk sauran su taru a shafin jira, akanta ya duba su kullum da yamma ya haɗa da rasit. A zangon farko shafin jiran zai iya fin ɗayan cika, kada hakan ya karya miki gwiwa. Yana raguwa ne gwargwadon yadda kika dage a kan iyaye su rubuta lambar, don haka a buga ta ɓaro-ɓaro a takardar kuɗin kowane ɗalibi, a gaya musu ko wurin mai POS suka je su sa ya rubuta. Wasu bankuna suna gutsure bayanin in ya yi tsawo, saboda haka lambar ta zo a farko, kuma ta zama gajera. In ɗalibanki sun yi yawa sosai, wataƙila ya fi miki ki tambayi bankinki ko kamfanonin karɓar kuɗi irin su Paystack da Remita tsarin da ke ba kowane biya shaidarsa tun daga tushe. Suna cire ladansu, ke za ki auna ko ya cancanta.

Dillalin hatsi a Tudun Hatsi mai masu saye daga Kumo da Bajoga da Dukku, matsalarsa ɗaya ce da taki, maganin ma ɗaya.

Layi ya fito a jadawali. In saki kaya?

A'a, Alhaji! Layin kwafin imel ne, imel kuma ana ƙirƙirar na bogi da sunan banki. Sa shirin ya duba ainihin adireshin da saƙon ya fito, ba sunan da ke sama ba. Duk da haka, buhu ba ya barin sito sai ka ga kuɗin a manhajar bankinka. Ƙarshen mako kuma a gwada jadawalin da takardar bayanan asusu.

Wasu alat sun fito sau biyu, wasu ba su fito ba sam.

Gmail yakan ɗaure saƙonni masu take iri ɗaya a zare guda. In shirin zaren yake yi wa alamar "an gama", sabon alat da ya faɗo cikinsa za a tsallake shi. Kowane saƙo yana da lambar shaidarsa, a ajiye ta a ginshiƙi guda, shirin ya duba ta kafin ya rubuta. In kuma an wayi gari komai ya tsaya, duba ko banki ya canja fasalin alat ɗinsa. Sa shirin ya turo maka saƙo duk lokacin da ya ga abin da ya kasa karantawa, kada ya yi shiru.

Hoton rasit da ake turowa fa?

Wannan wani aiki ne daban, kuma kuskurensa ya fi yawa. Fara da alat tukuna.

In tura wa malamai duka jadawalin a WhatsApp?

Don me? Sunayen mutane ne da lambobinsu da kuɗinsu. Tun watan Yunin 2023 Nijeriya tana da dokar kare bayanan jama'a, kuma ko babu doka amana ce. A buɗe wa shugaban makaranta da akanta ta adireshinsu, a rufe wa kowa.

Za ka zo ka haɗa mana?

Zan zo in Allah ya yarda. Kafin nan ku buɗe sabon Gmail ɗin, ku tara alat 20 daga kowane banki da kuke amfani da shi, na shiga da na fita, ku kuma ba kowane ɗalibi ko mai saye lambarsa.