Digirin Onas a Fannonin Fasaha

Digirin onas a fannonin fasaha digiri ne na jami'a da ake bai wa ɗalibin da ya zurfafa karatu a ɗaya ko biyu daga cikin darussan tarihi, adabi, falsafa, harsuna, nazarin addinai, kiɗa ko tarihin zane, kuma aka auna ƙoƙarinsa aka sanya shi a wata daraja. Tsarin ya samo asali ne daga Birtaniya, daga nan ya bazu zuwa ƙasashen da ta yi wa mulkin mallaka. A takardar shaida ana rubuta shi a taƙaice BA Hons. Ba shi da alaƙa da digirin girmamawa, wanda jami'a ke bai wa fitaccen mutum ba tare da ya zauna aji ba, ko da yake akan rikita sunayen biyu saboda kamanninsu a Turanci.

Asalin fannonin

Sunan da Turawa ke kiran waɗannan fannoni da shi, humanities, ya fito daga Latin, daga studia humanitatis, wato karatun da ke gyara ɗan Adam. Cicero, ɗan siyasar tsohuwar Rum, ya yi amfani da kalmar a jawabin da ya yi na kare wani mawaƙi a shekara ta 62 kafin Miladiyya. Malamin Italiya Petrarch ya tsinci kwafen jawabin a birnin Liège a 1333, kuma a ƙarni na 15 malaman Italiya sun riga sun tsayar da kalmar a kan darussa biyar: nahawu, balaga, waƙa, tarihi da falsafar ɗabi'a. Dukansu da Latin da Girkanci ake yin su. Adabin harsunan da mutane ke magana da su a gida da kasuwa bai samu shiga ba sai bayan ƙarnuka.

Tarihin darajoji

Kafin ƙarshen ƙarni na 18, samun digiri a Oxford bai wuce ɗalibi ya cika wa'adin zama a kwaleji ba, sannan ya yi muhawarar baka da Latin, wadda a lokacin ta zama al'ada kawai. A Ingila, Cambridge ce ta fara jera ɗalibai bisa ƙoƙari, a jarrabawar lissafi da ta kankama wajen tsakiyar ƙarni na 18. Ana kiranta Tripos, sunan da ake cewa ya fito daga wata kujera mai ƙafa uku da mai jarrabawa ke zama a kai a zamanin muhawara. A wancan zamani ana kasa waɗanda suka ci onas gida uku, a karanta sunayensu a bainar jama'a daga na farko har na ƙarshe. Wanda ya zo kurar baya ɗalibai kan miƙa masa cokalin katako, al'adar da ta ƙare a 1909. Wasu na danganta fara ba da maki da lamba ga wani malamin Cambridge, William Farish, wajen 1792, amma masana tarihi ba su haɗu a kan hakan ba.

Oxford ta yi dokar jarrabawa a 1800, wadda ta ware masu neman onas daga masu neman tsira da digiri kawai. A 1807 aka raba jarrabawar zuwa sashe biyu, lissafi da kuma Literae Humaniores, aka kuma kasa sakamako zuwa darajoji. Robert Peel, wanda daga baya ya zama firaminista, ya sami daraja ta ɗaya a sassan biyu a 1808. Literae Humaniores, wanda ɗalibai ke yi wa laƙabi da Greats, ya haɗa adabin Girka da na Rum da tarihinsu da falsafarsu, kuma shi ne uban duk wani digirin onas a fannonin fasaha. Shekara huɗu ake yin sa har yau.

A Cambridge sai da fasaha ta yi jira. An kafa jarrabawar adabin Girka da Latin a 1822, aka fara zama a 1824, amma har zuwa 1850 galibin ɗalibai ba su da damar shigarta sai sun fara cin onas a lissafi. Wannan sharaɗi ya dakatar da masu baiwar harshe da dama waɗanda lissafi ba ya shiga kansu. Sauran darussa sun biyo a hankali. Tarihin zamani ya tsaya da ƙafarsa a jami'o'in biyu a shekarun 1870. Oxford ta buɗe sashen adabin Ingilishi a 1894 bayan doguwar jayayya da masu ganin cewa karanta adabin harshen uwa nishaɗi ne da ba a iya yi masa jarrabawa. Cambridge ta yi nata a 1917. A 1920 Oxford ta ƙaddamar da digirin falsafa da siyasa da tattalin arziki, domin waɗanda ba su iya Girkanci ba.

Mata sun zauna waɗannan jarrabawowi tun kafin a yarda a ba su digirin. A 1887 Agnata Ramsay ta kwalejin mata ta Girton da ke Cambridge ita kaɗai aka sanya a rukunin ƙoli na daraja ta ɗaya a adabin Girka da Latin, ta wuce duk mazan shekarar, amma ta tafi ba digiri. Jami'ar Landan ta buɗe wa mata digirinta a 1878, Oxford a 1920, Cambridge kuwa sai 1948.

Landan ce kuma ta fitar da tsarin waje. Daga 1858 ta yarda wanda bai zauna a kwalejojinta ba ya rubuta jarrabawarta, kuma kwalejojin jami'a da aka kafa a Ibadan da Akra da Jamaika a 1948 digirinta suka riƙa bayarwa kafin su tsaya da kansu. Kwalejin Fourah Bay ta Saliyo ta riga su, domin ta haɗu da Jami'ar Durham tun 1876.

Bambancin ƙasashe

A Ingila da Wales shekara uku ake yi, kuma kusan kowa onas yake karantawa tun ranar farko. Wanda ya karanta harshen waje kan ƙara shekara guda a ƙasar masu harshen. A Sikotiland shekara huɗu ce: biyun farko na darussa daban-daban, sai wanda ya sami makin da ake buƙata ya wuce zuwa biyun onas. Tsofaffin jami'o'in can, St Andrews da Glasgow da Aberdeen da Edinburgh, MA suke kiran wannan digiri, sunan da aka saba bai wa digiri na biyu, alhali na farko ne.

A Ostireliya da New Zealand da Afirka ta Kudu, onas ƙarin shekara ce bayan digirin shekara uku, ga zaɓaɓɓun ɗalibai, kuma bincike ne jigonta. Amurka ba ta bin darajojin Birtaniya. Tana da lambobin yabo masu sunayen Latin, da kuma shirye-shirye na musamman irin wanda Frank Aydelotte ya kafa a kwalejin Swarthmore a 1922, yana kwaikwayon Oxford.

Yadda ake karatun

Awannin aji kaɗan ne idan aka kwatanta da kimiyya ko likitanci. Yawancin lokaci a ɗakin karatu yake tafiya. Malami kan ba da tambaya guda, misali ko wata hujja ta wani masanin falsafa ta tsaya ko ta rushe, tare da jerin littattafai da maƙalu. Ɗalibi ya karanta, ya rubuta 'yan shafuka yana kare matsayinsa, ya nuna inda ya ɗauko kowace magana. A Oxford da Cambridge ɗalibi ɗaya ko biyu ko uku ke zama gaban malami kowane mako a tattauna abin da suka rubuta, jimla bayan jimla. Sauran jami'o'i sun fi dogara ga lacca da zaman tattaunawa na ƙananan rukunai.

A shekarar ƙarshe ake rubuta kundi, wanda a Birtaniya yakan kai kalmomi 8,000 zuwa 12,000, ƙarƙashin malami mai dubawa. Ɗalibin tarihi zai iya shafe makonni a ma'ajiyar takardu yana bin wasiƙun mutum guda.

Darajoji

A Birtaniya maki 70 zuwa sama shi ne daraja ta ɗaya, 60 zuwa 69 babbar daraja ta biyu, 50 zuwa 59 ƙaramar daraja ta biyu, 40 zuwa 49 daraja ta uku. A fannonin fasaha da wuya a ba da maki sama da 80, tunda ba amsa ɗaya tak ake nema ba. Malami daga wata jami'a kan duba samfurin takardun don tabbatar da daidaito. Yawancin shirye-shiryen digiri na biyu babbar daraja ta biyu suke nema.

Muhawara

Rahoton kwamitin Burgess na Birtaniya, na 2007, ya ce tsarin darajojin ya tsufa, amma tsarin bai gushe ba. Kason masu daraja ta ɗaya a Ingila ya ninka fiye da sau biyu tsakanin 2011 da 2021. Wasu sun ce koyarwa ce ta inganta, wasu sun ce ma'auni ne ya sassauta. Akwai kuma saɓani kan amfanin digirin a kasuwar aiki, kuma wasu jami'o'in Birtaniya sun rufe sassan harsuna saboda ƙarancin masu nema.