Kafin ka kai karyarka barbara, zo mu duba karnen allurarta

Makon jiya wani dattijo mafarauci ya same ni a ofishin kiwo nan Tawa, yana jaye da karya da igiyar kaba. Doguwar ƙafa, ciki a ɗame, launin yashi, irin karnukan Azawak da ake samu wajen Abalak da Cintabaraden. Ya ce, "Ɗana, jikana ya gani a waya ana sayar da ɗiyan irin wannan da tsada a Turai, amma an ce sai da takarda. Karyata kuwa ba ta da ita. In kai ta barbara in sayar da 'ya'yan, ko in haƙura?"

Na ce, "Baba, takardun biyu ne. Wacce kake nufi?"

Wadda jikansa ya ji labari takardar asali ce, mai lissafa uwa da uba da kakannin kare. Daga nan yankin Sahel aka fara kai irin nan Turai a shekarun 1970, ƙungiyar masu karnuka ta Amurka kuma ta karɓe shi cikin jerinta a 2019. Can ne takardar ke ɗaga kuɗi. A nan, wanda zai sayi kare don farauta ko gadin garke gudun uwar zai tambaya, da halinta, da ko tana jin kira. Rashin wannan takarda ba ya rage wa karya komai. Abin da nake roƙo kawai, kada a ce wa mai saye akwai ta alhali babu, kada kuma a yarda wani dillali ya haɗa ta jabu. Batun kuɗin kare a addini, malaman Malikiyya sun yi saɓani a kan wanda aka halatta riƙewa, kamar na farauta. Wannan a kai shi gaban malami.

Takarda ta biyu ita ce ta hana ni barci: karnen allura, wato ɗan littafin da ake rubuta rigakafin da aka yi wa kare. Na tambayi Baba yaushe aka yi wa karyar rigakafin haukan kare. Ya yi shiru, ya ce ai lafiyarta lau. Karen farauta kuwa shi ya fi kowane kare shiga haɗari, don yana gamuwa da dila da karnukan da ba a san mai su ba, ya dawo da cizo a kunne a ɗauka ƙaya ce.

Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta mutum kusan 59,000 ke mutuwa da wannan ciwo kowace shekara, akasari a Afirka da Asiya, kusan duka ta hanyar kare, kuma huɗu cikin goma yara ne 'yan ƙasa da shekara 15. To wa ke wasa da kwikwiyo a gida? Yara. Su ke ɗaukarsa, su ke sa masa yatsa a baki. Mutane na zaton ƙaramin kare ba ya ɗauke da ciwon. Yana ɗauka, kuma ɗan cizon wasa ko lasar miki ya isa. Na taɓa ganin yaro da tabon haƙora biyu a tsintsiyar hannu, an shafa masa toka, uwarsa na cewa ai kwikwiyo ne. Cutar takan kwanta wata biyu zuwa uku a jiki ba a ga komai ba. Ranar da mutum ya fara tsoron ruwa, magani ya ƙare. Saboda haka duk wanda kare ya ciza, babba ko ƙarami, a wanke wurin da ruwa da sabulu minti 15 cur, a tafi likita ran nan ran nan, a ɗaure karen a kira mu. Kada a kashe shi a jefar kafin mu gan shi.

Sai lissafin da masu ɗokin ciniki ba sa yi. Cikin karya kwana 63 ne ko kusa da haka, tana iya zuba shida ko bakwai. Mai shayarwa tana cin ninkin abin da ta saba, kuma tsakin gero da ruwa ba za su riƙe ta ba, sai da nono da ɗan nama. Ɗiyan na buƙatar maganin tsutsar ciki tun suna mako biyu, da rigakafin zawon jini da ke share su gaba ɗaya cikin 'yan kwanaki. Ba a raba su da uwa kafin mako takwas, allurar haukan kare kuma sai sun cika wata uku. In ka tara wannan duka, jikunan da za ka samu ba lalle su mayar da abin da ka kashe ba.

Kuma mazan ake rububi. Matan fa? Na sha ganinsu cikin kwali a bakin juji da sassafe. Waɗanda suka rayu su ne gobe ke yawo bayan mahauta, ba mai su, ba allura, suna bin yara 'yan lakkol. Wannan ɓarna daga gidan mai karya take farawa.

Don haka na ce wa Baba ban hana shi ba, amma da sharaɗi. A fara yi wa uwar allura, a duba karnen namijin da za a haɗa su, kada ya zama ɗan'uwanta na jini. Ya san gidajen da kowane kwikwiyo zai je, har da matan, tun kafin barbara, don ba a fafe gora ranar tafiya. Duk wanda ya bar hannunsa kafin wata uku, ya faɗa wa mai saye ranar da zai kawo mana shi. In bai iya waɗannan ba, ya tsare ta a gida idan ta shiga yanayi, mako uku ne kawai.

Ya riƙe mata kai, na yi mata allurar a bayan wuya, na rubuta ranar da zai dawo da ita baɗi. Ya naɗe karnen cikin leda ya sa a aljihun gaba, ya ce mutum uku ya ke da su a hannu, zai jira sai ya samu sauran.